Kofi Mai Jan Farce

Ni na riƙe ƙafafun gadon ta baya ranar da aka hau da Baba Lazar saman bene. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta labarin nan ya ɗauka mutumin kirki ne ya rubuta shi. Sunana Gulzar, shekarata hamsin da uku, ni ne sakataren cocinmu a unguwar Kiristoci da ke bayan layin dogo a Gujranwala. Aikina shi ne in rubuta abin da dattawa suka yanke, in rufe da "an amince baki ɗaya". Na ƙware a wannan jimla har nakan rubuta ta tun kafin a buɗe taro da addu'a.

Baba Lazar ba fasto ba ne, ba a taɓa naɗa shi komai ba. Shekara arba'in da ɗoriya dai kullum ƙarfe huɗu na yamma yana zaune a ɗakinsa na bakin ƙofa, masu shara da masu yasar lambatu su taso daga aiki su kewaye shi, ya koya musu karatu da Maganar Allah, harafi bayan harafi. A wannan ɗaki cocinmu ya fara. Ni ma a can na koyi baƙi, lokacin ina bin ubana da tsintsiya.

Yana da doka guda. A cikin gari, in ɗayanmu, mu zuriyar masu shara, ya tsaya wajen mai shayi, akwai kofin da ake ajiye mana daban, mu sha mu wanke da hannunmu. A ɗakin Baba kuwa kofi ɗaya ne, na silba. Sabon zuwa shi ke fara sha, kofin ya zagaya baki baki, malami ya sha ƙarshe.

Ɗansa Shamaun shi ne fastonmu, kuma cocin a jikin gidansu yake. A watan Afirilu ya dawo daga wani taron fastoci da sabuwar jaka da sabuwar murya. Ya tara dattawa ya ce, "'Yan'uwa, mun yi sake. Mun shagala da biki da jana'iza da gyaran rufi. Aikin coci ɗaya ne, mai da mutane almajiran Almasihu. Daga yau duk abin da ba wannan ba, a ture shi gefe."

Wallahi maganar ta shige ni. Na yi tafi har zobena ya ji mini ciwo. Har yau ina cewa gaskiya ya faɗa.

Sai ya zayyana tsarin: aji na mako goma sha biyu, littafi mai hotuna, majigi, takardar shaida a ƙarshe. Abin da ya rage wuri. Ɗakin bakin ƙofa shi ya fi dacewa, in ji shi, ga fili ga taga.

Wani dattijo ya ce, "To Baba fa?"

"Abba ya gaji," in ji Fasto. "Sama ya fi iska. Hutu muke so ya yi."

Na rubuta: an amince baki ɗaya.

Matakala ashirin da biyu ne, kuma gwiwoyin Baba sun daɗe da yin murabus. Shi ya sa muka ɗauke shi a kan gadonsa na igiya, mu huɗu, yana rungume da Littafinsa da kofin silba. A tsakiyar hawa na tsaya ina haki, ya leƙo ni ta gefen gado.

"Gullu," haka yake kirana tun ina yaro, "wannan tumbin naka ma gado ɗaya zai ci shi kaɗai. Ku ajiye ni ku ɗauke shi."

Muka yi dariya. Da muka dire shi ya dubi ɗakin, rufin kwano, fanka guda mai kukan akuya, ya dubi matakalar da ba zai iya sauka ba. Bai ce a mayar da shi ba. Cewa ya yi, "A faɗa wa su Sohan ina nan sama. Ƙarfe huɗu yana nan yadda yake."

Sohan mai yasar lambatu ne, shekararsa hamsin da takwas, baki gare shi kamar reza. Da girmansa ya fara karatu, shekara biyu da suka wuce. Baba ya yi masa alkawari: ba zai mutu ba sai ya ji shi ya tsaya gaban jama'a ya karanta babi guda da bakinsa. Saura kaɗan, sun kai inda Sohan ke haɗa kalma uku ba tare da ya zagi harafi ba.

Kashegari ƙarfe huɗu Sohan ya zo da abokinsa Pitras. Hanyar matakala ta cikin sabon ajin take, kuma an shimfiɗa farin tayil a ranar. Matar Fasto, Rubina, wadda duk muke kira Baji, wato Yaya, ta tare ƙofa da tsumman goge-goge a hannu.

"Kawu Sohan, ba don komai ba, yanzu aka goge."

"To ai ni ma yanzu na goge, Baji. Da sabulu ma. Shinshina ki ji."

"Allah ya kiyaye. Ku yi rajista mana a sabon ajin, Asabar ƙarfe goma na safe."

"Asabar ƙarfe goma ina cikin rami har wuya, ina fito da abin da 'yan ajin naki suka aika mini ranar Juma'a."

Ina tsaye a wurin da takardun rajista. Na yi dariya, sannan na ga fuskar Baji, na mai da dariyar tari. A ƙarshe aka yarda su riƙa bi ta ƙofar baya, ta wajen makewayi, su hau tsanin ƙarfe. Fasto ya ce mini wannan ba wariya ba ce, tsari ne. Na ji daɗin kalmar, na riƙe ta.

Ajin ya cika. Ma'aikatan jinya, malaman makaranta, samari masu aikin banki, mutum arba'in. Kowace Asabar a ɗauki hoto a aika wa abokan Fasto na ƙasashen waje. Ni ne a layin gaba, gefen hagu, mai murmushin da ya fi na kowa faɗi.

Mako na uku na hau duba Baba da yamma, na iske su Sohan a zaune. 'Yar Fasto ta kawo shayi a faranti: kofin silba na Baba, da wani tsohon kofin tangaran mai tsage a baki. A gindinsa an ɗiga jan farce, ɗigo babba, don kada ya ɓace cikin sauran.

Baba ya ɗauki kofin ya juya shi. Ya daɗe yana kallon jan nan. Pitras ya sunkuyar da kai.

"Kira mini uwarki," in ji Baba.

Baji ta hau tana gyara mayafi. "Abba, ga ni."

"'Yata, wannan na wane ne?"

"Na baƙi ne, Abba."

"Waɗanne baƙi? Ma'aikatan jinyar nan na ƙasa, a wannan suke sha?"

"Abba, ka san irin aikin su Kawu. Akwai yara a gidan. Likitoci ma sun ce..."

"Kakanki Barkat a bayan masaƙa yake shara. Na sha bayan bakinsa shekara goma sha ɗaya. Ga ni, ban mutu ba, sai dai in yau."

Ta ce, "Zamani ya canza, Abba," ta dube ni. "Ko ba haka ba, Sakatare?"

Ina da baki a ranar, na taho da shi daga gida. Na ce, "To, kowa da gaskiyarsa."

Baba ya dube ni kamar yadda yake dubana in na karanta harafi a juye. Ya miƙa wa Baji kofin silba. "Sauka da wannan, ki ba masu tsabta." Ya juye shayin duka a mai jan farce, ya ba Pitras, Pitras ya ba Sohan. Sohan ya miƙo mini. Na ce ina da ciwon suga. Gaskiya ne ina da shi, amma da safen nan na sha kofi biyu a ƙasa da cokali uku-uku. Baba ya karɓa ya shanye sauran.

Daga ranar bai ƙara shan komai a wani kofi ba, ko ruwa ko magani. Gidan kuwa ba su yi gardama ba, sai suka bi shi da abin. Tunda yana sha bayan su Sohan, aka ware masa faranti, aka ware cokali, duk aka ɗiga musu ja. Aka hana jikokinsa hawa, wai yana tari. Abincinsa, gurasa biyu da miyar wake, a kan matakala ta ƙarshe ake ajiyewa a ƙwanƙwasa ƙarfe, shi kuma ya ja jiki ya ɗauka.

Na sami Fasto a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, zafin saman nan fa ya yi yawa. Yuni ya shigo."

"Ɗan'uwa Gulzar, ka san abin da ya fi kashe coci? Raba hankali. Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, da ƙananan maganganu yake zuwa, kofi, fanka. Saura mako shida a yaye mutum arba'in. Arba'in! Abba a shekara arba'in nawa ya yaye?"

"Bai taɓa ƙirgawa ba."

"Ka gani? Bayan bikin yaye za mu sauko da shi, in Allah ya yarda. Ubana ne fa, ka fi ni son sa ne?"

Na fito ina jin kunyar na dame shi.

Ana saura wata guda aka ce baƙi za su zo daga waje su ga ajin. Baji ta sa aka cire tsanin baya, wai ya yi tsatsa, kada wani ya faɗo a ɗora musu laifi. Baƙin suka zo suka tafi, tsani bai dawo ba. Pitras ya daina zuwa. Sohan bai daina ba.

Wata yamma ina dawowa daga kasuwa na ji murya daga sama. Baba ne, ya ja jiki har bakin katangar bene, ya ɗora haɓarsa a kai. Sohan yana tsaye a lungu da Littafi a buɗe, yana karantawa da ƙarfi.

"Ba haka ba ne, kurma!" in ji Baba daga sama. "Koma baya. Ka tsallake kalma."

"Ba ni na tsallake ta ba, Baba, ita ta gudu!"

"Kamo ta. Ina jira."

Mata suna leƙe ta taga suna dariya, mai sayar da kankana ya tsaya da amalankensa yana saurare. Sohan ya hango ni.

"A'a, ga babban almajiri! Sakatare, mako nawa ya rage ka zama waliyyi?"

"Huɗu," na ce, kafin in gane zagi ne.

Kwana tara suna haka. Ranar ta goma Fasto ya ce ihun yana damun masu bitar yamma, kuma mutanen unguwa za su ce an wulaƙanta tsoho. Ya kawo wani ƙaton ƙyalle da aka buga don bikin yaye, tsawonsa ya rufe gaban benen duka. A jiki akwai hoton Baba Lazar yana murmushi, da manyan baƙaƙe: UBANMU A AIKIN ALMAJIRANTARWA. Aka ɗaure shi a kan sanduna daga bakin katanga zuwa sama da tsayin mutum.

Wa ya riƙe igiyar? Kun riga kun sani.

Ina ɗaurawa Baba yana zaune a bayana a ƙasa, cikin riga 'yar shara, duk ya zube, ƙasusuwan wuyansa a waje. Ƙyallen ya tare lungun, ya tare 'yar iskar da ke shigowa.

"Gullu, me aka rubuta a jiki?"

Na faɗa masa.

"Hoton ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Baba."

"To madalla. Shi ya ga titi, ni in ga bayansa." Sannan ya ce, "Ban roƙe ka komai ba tun da na koya maka rubuta sunanka. Saura shafi biyu Sohan ya gama babinsa. Ka shigo da shi ta ƙofar gaba, sau biyu kawai. Kai sakatare ne, ba mai hana ka."

Na ce, "Bari a gama bikin nan, Baba. Kwana goma sha takwas ne."

Ya ce, "To." Da ya zage ni da na fi samun barci.

Ranar yaye ta faɗo Asabar mafi zafi a shekarar. Aka ɗauke wuta tun ƙarfe tara. Aka tada janareta, amma ƙarfinsa bai wuce lasifika da majigi da fankokin ƙasa ba, sai aka cire layin sama. Kowa a gidan yana hidimar baƙi. Ba wanda ya tuna da ajiye ruwa a matakala ta ƙarshe.

Ni nake kiran suna. Mutum arba'in, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi takardarsa a ɗauke shi hoto. Na kira sunana da kaina, na ba kaina hannu a zuci. Ina kan na talatin da bakwai sai ga Sohan a bakin matakala, ta ciki, da kayan aikinsa, ƙafafunsa baƙi ƙirin a kan farin tayil. Ashe ya yi ta kira daga lungu ba amsa, ya bi ta benen maƙwabta ya tsallaka. Baba yana saɓe a kafaɗarsa kamar tsumma, hannu yana reto.

"Ku matsa," in ji Sohan. "Ku matsa, almajirai, kada in ɓata muku kaya."

A bakin ƙyallen ya same shi kwance, da kofin a hannu, busasshe. Ashe Baba ya yi ƙoƙarin yage wata 'yar kafa a jikin ƙyallen da farcensa, ta wajen da ake ganin lungu.

Kwana biyu ya yi a asibiti bai farfaɗo ba.

A maƙabarta Fasto ya yi wa'azin da ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Ya ce mahaifinsa ya nuna mana yadda ake mai da mutane almajirai, kuma za a sa wa ajin sunansa. Aka ce amin.

Ana shirin tura ƙasa Sohan ya fito daga cikin masu haƙa, domin shi da Pitras suka haƙa kabarin. Ya goge hannunsa a riga, ya zaro Littafi. Ba wanda ya ba shi izini. Ya fara karanta babinsa, a hankali, yatsa a kan layi, gumi yana ɗiga a takarda. Ya yi tuntuɓe ya koma baya da kansa. Da ya kai shafi biyun ƙarshe, waɗanda ba a koya masa ba, sai ya tsaya cak a kan wata doguwar kalma. Ya gwada, ta ƙi. Ya ɗaga kai ya dubi ramin, yana jiran a ce masa kurma.

Mu arba'in muna tsaye da takardun shaidarmu a gida cikin firam. Na san kalmar. Pitras, wanda ko rabin Sohan bai kai a karatu ba, shi ya matso, suka haɗa kai suka tsinka ta harafi harafi har ta fito. Haka suka kai ƙarshe su biyu.

Da aka koma gida zaman makoki aka fito da shayi. Ga kofuna masu fure na jama'a, ga mai jan farce a gefen faranti, an wanke shi, an nufi Sohan da shi. Nan ne jarumtata ta motsa, a makare kamar kullum. Na miƙa hannu a gaban kowa zan ɗauka in sha.

Sohan ya riga ni. Ya riƙe shi a ƙirji.

"A'a, Sakatare. Kana da suga."

Ya juye shayin a gindin bishiya, ya sa kofin a aljihu, ya fita ta ƙofar gaba.

An buɗe zango na biyu na ajin, mutum sittin wannan karon. Ba na cewa ba a koyon komai a ciki, ana koyo. Amma na zauna na yi tunani: mun ce za mu ture komai gefe don aikin almajirantarwa, abu na farko da muka ture shi ne mutumin da ke yin aikin, na biyu mutanen da ake yi dominsa. Mun sha wulaƙancin kofi a hannun mutanen gari tun kakanninmu, da muka sami tayil sai muka sayi jan farce. Ba wanda ya daki Baba, ba wanda ya zage shi. Kowa dai yana da dalili mai kyau, kuma ni na rubuta dalilan da kyakkyawan rubutun da shi ya koya mini.

Ban ajiye sakatanci ba, kada ku yi mini zaton alheri. Amma ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe huɗu, ƙafata ta kai ni lungun su Sohan. A ƙofar ɗakinsa mutum shida ne zaune a kan buhu, biyu ban taɓa ganin su a coci ba. Sohan yana tsakiya yana yi wa wani ihu wai ya tsallake kalma. Na tsaya daga nesa kamar mai neman adireshi.

"Ku matsa wa tumbi," in ji Sohan, bai ko ɗago ba. "Wuri biyu zai ci."

Na zauna. Pitras ya zuba shayi a kofi mai jan farce ya ba Sohan. Sohan ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, har da baƙin nan biyu da suka fara zuwa jiya, sannan ya miƙo mini.

"Sabon zuwa ke farawa," ya ce.

Shekara arba'in da uku da na fara zama gaban Baba Lazar, ga takardar shaida a bangon ɗakina. Na karɓa da hannu biyu na sha.